Abin da Na Ƙara wa Jirgin Muttaka

Sallama gare ku, masu bibiyata. Yau kam sai kun yi mini uzuri, don na fi sati ina buɗe wayar nan ina rufewa, na rasa ta inda zan kamo zancen. Wannan shi ne abin da ban taɓa ba kowa labarinsa yadda yake ba, ƙawayena na kusa ma rabi suka sani. Masu cewa Hamida ta cika yabon kanta, to ku gyara zama, yau ranarku ce.

Ga waɗanda suka shigo yanzu, ni 'yar Kaura Namoda ce, kuma abin nan ya faru ne a bazarar 2005, ina ajin ƙarshe na karatun lantarki. Muttaka, wanda ke nemana da aure, ya riga ni gamawa da shekara uku. Bai samu aiki ba, sai ya buɗe shagon gyaran rediyo da talabijin kusa da tashar jirgin ƙasa. Dogo ne siriri, yatsunsa kullum da tabon ƙunar dalma, kuma idan yana magana sai ka matso kafin ka ji. Duk abin da ya samu a shagon nan, cikin abu ɗaya yake zuba shi, wato wani ƙaramin jirgin sama da ya ƙera da katako marar nauyi, faɗin fikafikansa ya ɗara hannuwana biyu a buɗe.

Tashi ba shi ne abin mamaki ba, don da hannu ake tuƙa shi daga ƙasa. Abin da Muttaka ya ƙwallafa rai a kai shi ne jirgin ya sauka da kansa, ba hannun kowa, kamar yadda manyan jirage ke yi idan matuƙi ba ya ganin ƙasa. Akwai wani akwati da muke ajewa a bakin filin sauka. Jirgi zai turo masa ta rediyo, ga tsayina, ga yadda na karkata. Akwati ya yi lissafi ya mayar masa da amsa, ɗaga hanci kaɗan, sauke fiffiken hagu. Haka za su yi ta yi sau ashirin a kowace daƙiƙa har taya ta taɓa ƙasa. Shi ya haɗa ƙarafa da wayoyi, ni kuma na rubuta lissafin a tsohuwar kwamfutarsa, don a wannan fannin na fi shi, shi ma ya sani.

Matsalar ita ce rediyon. Tsohuwa ce, cikin tarkacen shago ya tsinto ta, kuma abin da take iya ɗauka kaɗan ne. Idan jirgi na magana, dole akwati ya yi shiru ya jira.

"Hamida, kin ga hanyar nan ƙarama ce," ya ce mini ranar da muka gama, muna zaure, Goggo Asabe ƙanwar Baba na gefe tana ɓarar gyaɗa tana gadinmu. "Don Allah kada a ƙara mata ko harafi ɗaya."

"Harafi ɗaya zai kayar da jirgi?"

"Ɗauki mai keke an ɗaure masa ido, ke ce ke bin sa kina cewa hagu, dama. In kika tsaya ba shi labarin kasuwar Shinkafi, kafin ki gama ya faɗa rami."

Na yi dariya na ce na ji. Wallahi na ji, kuma na gane sarai. Kada wani ya ce rashin sani ne, don ni ce na lissafa ashirin ɗin nan da hannuna.

To ga Baba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin sigina a jirgin ƙasa kafin ya aje, har yanzu in ka ce Malam Jibo Sigina kowa a unguwarmu zai nuna maka gidan. Bai taɓa ƙin Muttaka don ba shi da abin hannu ba, amma bai taɓa cewa ya ba shi ni ba. Da ya ji wani injiniya mai suna Rufa'i zai zo daga Kano, daga wani kamfani da ke kafa na'urorin saukar jirage, don ya ga jirgin, kuma in ya gamsu zai ɗauki Muttaka aiki, sai ya kira ni.

"Ki hwaɗa wa yaron ga ni ma zan zo."

"Baba, in ya samu aikin ke nan...?"

"Aikin da za a ba shi bai dame ni ba. Hannunshi nika son gani. Mutumin da ba ya duba aikinshi sau biyu, ba ni ba shi ɗiyata."

Ranar Litinin Muttaka ya duba komai, ya sake dubawa, ya rufe akwatin da ƙaramin allon da ke zama ƙwaƙwalwar jirgin, ya naɗe su da salatif. Ya bar su a gidanmu tare da kwamfutar, saboda akwai ɗan aikin da ya rage mini. Zan haɗa wani allo mai jajayen fitilu da zai riƙa nuna wa 'yan kallo tsayin jirgi. Layi ɗaya tak. Shi kuma ya wuce Gusau neman man injin.

Ina tsakar gida ranar Laraba ina haɗa allon, Goggo Asabe ta zo ta tsaya kaina, hannu a ƙugu.

"Wai ke minene naki cikin jirgin ga?"

"Goggo, ni na rubuta lissafin da ke saukar da shi."

"Ina lissahin? Nuna man in gani."

"Ai ba a ganinsa, yana ciki."

"Ahaf! Gari duka jirgin Muttaka aka cewa. Shekara huɗu ubanki na kai ki makaranta, ashe riƙon jakka kinka koyo."

Ta yi dariyarta ta shige ɗaki. Wasa take yi, haka take da kowa, amma maganar ta zauna mini a ƙirji kamar na haɗiyi ƙwallon goruba. Na dubi allon nan da layinsa ɗaya, na ga ko agogon masallaci ya fi shi abin kallo. Sai na tuna akwai 'yan na'urori a jikin jirgin da ke auna zafin inji, ƙarfin batir, sauran mai da gudun farfela. Muttaka na amfani da su ne kawai idan jirgi na kan tebur. Na ce a raina, in jirgin ya riƙa turo su duka, allon zai cika da layi biyar, Baba zai gani, injiniyan Kano zai tambayi wa ya yi wannan.

Na ɓare salatif ɗin a hankali don kada ya yage. Ku ji fa, har da wannan dabarar. Na ƙara layi huɗu a cikin saƙon da jirgi ke turowa, na gwada a kan tabarma, komai ya yi daidai, fitilu na walƙiya gwanin sha'awa. To mi zai hana ya yi daidai, tunda a kan tabarma ba iska, ba abin da za a gyara? Ban sake ƙirga sau nawa amsa ke komawa ba. Tunanin ya zo mini, na kore shi, don na san in na ƙirga zan fasa.

Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Kaura ba, a gidanmu sai ka tsaya kusa da rijiya take kamawa. Da safiyar Asabar, ranar da za a nuna jirgin, ina tsaye a nan saƙonsa ya shigo.

"Slm. Komai na nan yadda muka rufe shi ko?"

Na rubuta, "Yana nan lafiya lau. Allah ya ba mu sa'a."

Har yau idan na tuna saƙon nan sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, wadda na ɗinka don sallah, na ɗora farin hijabi har gwiwa, na ɗan ja kwalli. A shekarun nan mace ba ta hawa kabu-kabu, don haka ni da Goggo muka jira motar mata, na rungume allon a cinya har ƙauyen Ɗan Isa, inda za a yi gwajin. Baba da su Muttaka sun riga mu a wata motar, da jirgin da akwatin. Gonar kawun Muttaka ce, an yi shara ana jiran ruwa, ya sa an daddaɓe wani dogon wuri a tsakiya. Mutane kuwa kamar ana rabon taki. Har wasu Fulani sun tsayar da shanunsu nesa, sun rataya sanduna a kafaɗa suna kallo. Injiniya Rufa'i, wani kakkaura mai tabarau, yana zaune a kujerar roba, Baba na kusa da shi cikin farin kaftani, ya ƙi zama.

Muttaka ya tayar da jirgin da abin tuƙi na hannu. Ya yi gudu a kan ƙasa, ya ɗaga, mutane suka ɗau kabbara. Ya zaga sama sau biyu. Ni kuma na kunna allona, layi biyar suka kama, jajaye, lambobi na canzawa. Goggo ta rangaɗa guɗa. Baba ya matso ya sunkuya, ya daɗe yana dubawa.

"Ke kinka yi wanga?"

"Ni ce, Baba."

Ya gyaɗa kai sau biyu. Baba ba ya yabo, wannan gyaɗa kan ita ce iyakarsa. Daɗin da na ji a lokacin, ba zan ɓoye muku ba, ya kai har tafin ƙafata. Muttaka bai ga allon ba, idonsa na sama.

Da jirgin ya daidaito da filin, injiniya ya ce, "To, sake shi mu gani." Muttaka ya murɗa makunnin da ke miƙa tuƙin ga akwatin, ya aje abin tuƙin a kan tabarma, ya ja da baya ya ɗaga hannuwansa biyu don kowa ya shaida. Jirgin ya fara saukowa sumul, har na fara murmushi.

Sai iska ta taso daga gabas, irin 'yar iskar nan ta gabanin damina, wadda ko hijabina da ƙyar ta ɗaga. Mun sha gwada shi a iskar da ta fi wannan. Jirgin ya karkata hagu. Na jira ya gyara nan take kamar kullum, bai gyara ba. Da gyaran ya zo, ya zo a makare, ya zo da ƙarfi, ya wurga shi dama. Kafin akwati ya ji labarin dama, ya mayar da amsa, jirgin ya wuce inda ake zato. Hagu, dama, hagu, kowace karkata ta fi ta baya. Na gane abin da ke faruwa tun a karkata ta biyu. Akwatin na gyara kuskuren da ya riga ya wuce ne, yana jira jirgi ya gama karanto masa zafin inji da sauran mai.

"Innalillahi!" Muttaka ya ruga ya suri abin tuƙin, amma kafin ya murɗa makunnin fiffike ya taɓa ƙasa. Jirgin ya wuntsula sau biyu ya daki gindin wani gawo. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka ƙwarya.

Aikin shekara biyu ke nan. Muttaka ya je ya tattaro ɓaraguzan ya kawo su a rungume, fiffike ɗaya na reto.

Injiniya Rufa'i ya cire tabarau ya goge. "Sau nawa ka ce suna magana a daƙiƙa?"

"Ashirin, ranka ya daɗe."

"Wannan rawar da na gani ba ta ashirin ba ce. Ko goma ba ta kai ba."

A nan ne Muttaka ya juyo, idonsa ya sauka kan allon da ke gabana. Na manta ban kashe shi ba, lambobin ƙarshe na nan a tsaye. Na ga leɓensa na motsi, yana ƙirga layukan. Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe, amma na ga Baba, na ga Goggo, na ga taron nan duka, sai na mayar da shi na rufe.

"Laifina ne," in ji Muttaka. "Akwai abin da ban daidaita ba."

Baba ya tako har gabansa. "Ka duba shi kahin ka taso, ko ba ka duba ba?"

"Ban duba ba, Baba."

Baba ya juya ya nufi mota. Injiniya ya dafa kafaɗar Muttaka ya ce yana da basira, amma aikinsu aiki ne na rayukan mutane, ya ƙara shiri tukuna. Kowa ya san ma'anar wannan.

Da muka dawo gida na shige ɗaki na yi lissafin da ya kamata in yi tun Laraba. Shida ya ba ni. Daga ashirin na mayar da shi shida, don Goggo ta daina ce mini 'yar riƙon jaka. Ban yi minti biyar ba na gama lissafin.

Kwana huɗu ban iya cin abincin kirki ba. Inno, mahaifiyata, ta ɗauka tausayin Muttaka ne, ta riƙa dama mini fura tana cewa in yi haƙuri, haka Allah ya so. Goggo ma ta daina tsokana, har tana cewa, "Ke dai naki ya yi kyau, shi ne ya ba mu kunya." Duk lokacin da ta faɗi haka sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kullum ina zuwa bakin rijiya ina jiran saƙon da zai zage ni, don da ya zage ni da na samu sauƙi. Abin da ya turo ranar Lahadi shi ne, "Kin ci abinci?" Ranar Talata kuma, "Kada ki sa damuwa. Farfelar ba ta karye ba." Na rubuta masa amsa ta kai sau goma ina gogewa. Daga ƙarshe na tura, "To."

Ranar Alhamis bayan la'asar Baba ya aika aka kira shi. Na san abin da za a faɗa, don na ji Baba na gaya wa Inno da safe cewa gara a sallami yaron tun da mutunci. Na laɓe bayan asabarin ƙofar zaure. Ta tsakanin karan ina hango Muttaka a durƙushe, ya sa tsohuwar shaddarsa ruwan ƙasa, hularsa a hannu.

"Muttaka, ba ni da abin da zan ce game da halinka," in ji Baba. "Amma na hwaɗi magana gaban iyalina, kuma ba ni tashinta. Wanda ya kira mutane daga Kano bai duba aikinshi ba..."

Ban san lokacin da na ɗaga asabarin ba. Ko takalmi babu a ƙafata, hijabin Inno na jawo daga igiya, a bai-bai ma na sa shi. Na zube a gaban Baba.

"Baba, ya duba. Sau biyu ya duba, ya rufe. Ni ce na buɗe."

"Ke, koma ciki."

"Don Allah Baba ka ji ni. Ni na kayar da jirgin."

Na faɗa masa duka, ina kuka ina haɗiye majina, da salatif ɗin da na ɓare, da layi huɗun da na ƙara, da saƙon ƙaryar da na tura da safe. Ban yi zaton zai gane zancen rediyon ba, ashe ya fi ni ganewa.

"Wato layi ɗaya ne, kinka cika shi da surutu, sigina ta iso bayan jirgi ya wuce."

"Haka ne, Baba."

"An hana ki?"

"An hana ni."

"Kin san dalili?"

"Na sani."

"Don mi kinka yi?"

"Don a ce ni ma na iya."

Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba, amma a ƙasan raina akwai ɗan sanyi, don na ɗauka shi ke nan na wanke Muttaka, ni za a yi wa faɗa, a sa rana. Sai Baba ya juya wajensa.

"Kai kuma, ka sani?"

Muttaka ya sunkuyar da kai. "Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun da na ga allon, a gona."

"Wato sa'ad da na tambaye ka, ka riga ka sani."

"Baba, mutane sun yi yawa a wurin. Ban so a..."

"Ban tambaye ka yawan mutane ba." Muryar Baba ba ta tashi ba. "Shekara talatin da ɗaya ina aiki. Wanda ya yi kuskure, mukan zauna da shi mu gyara. Wanda munka kora shi ne wanda anka tambaya mi ya faru, ya ba da labarin da ba shi ne ba, don ya rufa wa wani asiri. Kwana biyar ina zaune ina cewa yaron ga sakaci gare shi, har ina tunanin ko nan gaba ya gyaru in sake dubawa. Ashe idona ka duba, gaban jama'a, ka yi man ƙarya."

"Baba, saboda ni ya yi," na ce.

"Na sani saboda ke ne. Gobe in wani abu ya same ki a gidanshi, na tambaye shi, mi zai hwaɗa man?"

Ina jin Inno a bayan asabari tana salati a hankali.

Baba ya miƙe ya kaɗe kaftaninsa. "Jibi za ki shiga mota, ke da Asabe, ku tahi Kano. Ki samu injiniyan ga ki hwaɗa mashi da bakinki abin da kinka hwaɗa man, ko Allah ya sa ya sake duba yaron ga. Wannan haƙƙinshi ne, sai kin biya."

"To Baba... maganarmu fa?"

Ban san inda na samu ƙarfin halin tambayar ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba.

"Babu maganar aure a gidan ga. Da mutum ɗaya nika shakka, yanzu kun zama biyu."

Ya fita masallaci. Muka rage ni da Muttaka a zauren, tabarma ɗaya tsakaninmu. Na ce, "Muttaka, ka yafe mini," muryata ko ni da ƙyar na ji ta. Ya sa hularsa, ya tashi, ya tsaya yana neman takalminsa ɗaya da ya shige ƙarƙashin benci. Da ya samo shi ya saka, sai ya dube ni, karo na farko tun ranar Asabar.

"Ni ya kamata ki fara gaya wa, Hamida," ya ce. "Kwana biyar ina jiran ki."